Tsingaron Kufai da Randar da Zaizaya Ta Tono

“Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a yankin Kwatarkwashi. Gonar mahaifinmu tana kan wani tsohon kufai, duk inda ka sa fartanya sai ka ji tsingaro. Bana ruwa ya yi zaizaya a gefen gonar, ya fito da wata babbar randa a kife, ba ta fashe ba. Yara kuma sun tsinci kan lofe na yumɓu da wasu ’yan dunƙulallun abubuwa masu huda a tsakiya. Dattawa sun ce kufan Zamfarawa ne da suka gudo lokacin yaƙin Gobirawa. Wani mutum ya zo daga birni ya ce in mun tono randar zai saya. Shin za a iya sanin shekarun waɗannan kaya da mutanen da suka yi su? Kuma in tono ta ko in bar ta?”

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin a ɗauki diga. In na fahimce ka, kana son sanin ko fasassun tukwanen gonarku za su iya gaskata labarin dattawa ko su ƙaryata shi, sannan kana son sanin yadda za ku yi da randar da mai kuɗi ya zo nema. Amsar ta biyu zan fara ba ka a taƙaice, don kada ka kai ƙarshen rubutun nan wani ya riga ya tono: ku bar ta inda take, ku mayar mata da ƙasa.

Abin da ya sa mu masu binciken kufai muke rawar jiki a kan abin da manomi ke yi wa tsaki in fartanyarsa ta ci karo da shi, shi ne yumɓun da ya sha wuta ba ya ruɓewa. Gidan Bahaushe na da, yawancin kayansa na ƙwarya ne da itace da fata da kaba da auduga, gara da damina kuwa ba sa barin ko ɗaya. Ɗakin ƙasa ma in aka tashi aka bar shi, cikin ’yan shekaru zai zube ya zama tudu. Tukunya fashewa kawai take yi, gutsattsarinta suna nan ko bayan shekara dubu biyu. Ga shi ba ta da tsawon rai a hannun mai ita. Tukunyar miya in ta yi shekara biyu ko uku a kan murhu ta yi ƙoƙari, sai a jefar a juji a sayo sabuwa. Haka juji ke tashi, na jiya a ƙasa na yau a sama, kuma in yayin baki ko na zane ya sauya, sauyin zai bayyana a jere. Rubutaccen tarihi da waƙoƙin fada sun riƙe mana sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Abin da aka dafa, da sana’ar da aka yi a tsakar gida, da kasuwar da aka ci, sai a juji ake samunsu.

Ga misali daga maƙwabtanku na Kabi. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an yi aikin tono na gaggawa a wuraren da ruwa zai ci. A wani tudu kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri aka samu tukwane da kayan ƙarfe da ’yan gumakan yumɓu, gwajin gawayi kuma ya nuna an zauna wurin daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 miladiyya. Ke nan aƙalla shekara 800 kafin Kanta, Sarkin Kabi, ya gina birnin Surame a ƙarni na 16, akwai mutane masu ƙira da ginin tukwane a bakin Kwara. Babu kirarin da ya kai can baya.

Abin da ake dubawa a jikin tsingaro

In na shiga kufai, ba kowane gutsure nake sunkuya wa ba. Bakin tukunya nake nema, da gindi, da marfi, da duk wanda ke da zane. Gutsuren baki ko bai fi tsawon yatsa ba, lanƙwasarsa za ta ba ka faɗin bakin gaba ɗaya, daga nan ka san ko randa ce, ko tulu mai ɗan wuya, ko talle, ko kasko, ko kwatanniya. Yawan kowane iri shi ke bayyana rayuwar wurin. Inda tuluna suka yi yawa, ana tafiya ɗaukar ruwa. Inda ka ga gindi mai huje-huje da aka yi tun yumɓu yana ɗanye, madambaci ne, wato ana turara abinci. Baƙin hayaƙi a waje yana nuna girki. Karce-karce a ciki aikin muciya ne. Akwai kuma wani irin ci da cikin babbar tukunya ke yi, ya yi rami-rami daga ƙasa har zuwa inda ruwan cikinta ke tsayawa, wanda yawanci abin da ya yi tsami ke jawowa, kamar gasarar da ta kwana ko giyar dawa. Shi ya sa ba na saurin cewa “nan gidan Maguzawa ne” don na ga wannan alama a tukunya ɗaya, domin mai koko ma tukunyarta na iya yin haka.

Sai a dubi inda ya karye. Maginiya ba ta gini da yumɓu tsura, domin zai tsage wajen bushewa ko a wuta. Wata tana haɗawa da yashi, wata da ƙaiƙayi ko kashin jaki, wata da dakakken tsohon tsingaro. Ƙaiƙayi yana ƙonewa ya bar ’yan kafofi, wani lokaci har siffar ƙwayar gero ko dawa ta fito sarai a jikin yumɓun, ka ga ke nan an san abin da ake nomawa. Baƙin layin da ke tsakiyar kaurin tsingaro kuwa shaidar gashi ne irin namu, na kara da kashin shanu a fili, wanda zafinsa ke kaiwa digiri 600 zuwa 900 amma ba ya daɗewa har ya cinye cikin.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne yadda aka tayar da jikin tukunyar. Wata maginiya kife tsohuwar tukunya take yi ta shimfiɗa yumɓu a bayanta ta daddaɓa. Wata a cikin ɗan rami take bugawa da dunƙulen gasasshen yumɓu, in ta shimfiɗa tabarma a ramin sai sawun tabarmar ya fito a bayan tukunyar. Wata kuma murza yumɓu take yi ta riƙa ɗorawa zagaye-zagaye. Zane ana iya kwaikwayonsa daga gani ɗaya a kasuwa. Yadda hannu ke tayar da tukunya kuwa tun ƙuruciya ake koyonsa a gaban uwa ko uba, kuma da wuya mutum ya sake shi. Saboda haka in salon gini ya sauya kwatsam a tsakiyar juji, wannan ya fi sauyin zane nuna cewa wasu hannaye sun shigo garin.

Dunƙulallun abubuwan da yaranku suka tsinta, daga kwatancenka, gululu ne na mazari. Ka kai wa duk tsohuwar da ta taɓa kaɗi, nan take za ta gane. In su ne, matan wurin sun yi kaɗin auduga, kuma ya kamata ka duba ko akwai alamar marina a kusa: tarin toka mai fari-fari, ko bakin rami zagayayye mai shafen laso. A bakin gulbi, kamar wajen Argungu, irin waɗannan masu huda sukan zama nauyin da masunta ke ɗaura wa taru, sai dai su sun fi tsawo kuma ba a cika yi musu ado ba.

Shekaru nawa?

Kan lofen nan ya fi duk sauran kayan amfani wajen wannan tambaya. Taba daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta shigo Afirka ta Yamma ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. A 1607 ma Shehu Ahmad Baba na Tambutu fatawa yake rubutawa a kan halaccinta, domin sabon abu ce a lokacin. Don haka da wuya lofen ya girmi shekara ta 1600. Masara ma baƙuwa ce daga can, don haka tsingaron da aka yi wa zane da totuwar masara bayan 1500 aka gina shi. A nan sai an yi hattara, domin murɗaɗɗiyar igiya ko sassaƙaƙƙen ɗan itace da ake mirginawa a jikin ɗanyar tukunya suna iya barin sawu mai kama da na totuwa, har ƙwararru sukan yi gardama a kai. Wuri kuma, wato kuɗin da, Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, ya shigo ƙasar Hausa. Tangaran mai sheƙi kuwa na waje ne, domin maginanmu na da ba sa yi wa tukunya wannan ruwan gilashi. In ka juya gindin faranti ka ga an rubuta sunan ƙasar Ingila, galibi bayan 1891 ne, kuma da yawa irinsu sun shigo ne bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Lofen a sama aka tsince shi, cikin ƙasar da garma ta shekara tana juyawa. Ya nuna an zauna wurin bayan 1600, bai ce a lokacin aka fara zama ba. Randar da ke ƙasa tana iya zama sa’arsa, tana iya girmarsa da shekara dubu. Gindin dutse mai ruwa irin na yankinku ba sau ɗaya ake zamansa ba: a zauna, a tashi, wasu su zo su gina a kan kufan na farko.

Gwajin kabon-14 da ka ji ana faɗa, na gano shekarun abu, ba a kan yumɓu ake yinsa ba. Gawayi ake nema, ko ƙashi, ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi, wadda aka samu a shimfiɗar ƙasa ɗaya da tukunyar, ba a gauraya ta da na sama ba. Kuma yana da rauni daidai inda kake buƙatarsa. Daga wajen 1650 zuwa 1950 sakamakonsa yakan rikice, samfuri ɗaya ya ba ka lokuta biyu ko uku masu yiwuwa. Zai iya gaya maka cewa abu na ƙarni na 12 ne ba na 18 ba, amma ba zai raba maka 1764 da 1808 ba. Akwai wani gwajin da ke auna lokacin da yumɓun kansa ya shiga wuta na ƙarshe, shi kuma sai an haɗa masa da samfurin ƙasar da tukunyar ta kwanta a ciki, in ba haka ba lissafin ya zama na ƙiyasi. Duk hanyar da ka bi, ƙasar da ke manne da randar nan rabin shaidar ce.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini tukunya a buhu, lafiyayya, ya wanke ta tas da sabulu don ta yi kyan gani. Ya ce in faɗa masa tarihinta. Na iya ce masa ta girki ce kuma a bayan wata tukunya aka tayar da ita, shi ke nan. Da ya bar ta da dattinta, da an samu abin faɗa. Yumɓu yana tsotse maiƙon abin da aka dafa a cikinsa ya riƙe. A 2021 masu bincike daga Jamus da Ingila suka sanar da cewa sun gano kakin zuma a jikin tsingaron Nok, a kudancin jihar Kaduna da kewayenta, shaidar cewa ana ɗibar zuma a can tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce.

Zamfarawa ne ko wasu?

Labarin dattawanku yana da tushe. A shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kufansa ke wajen Isa, Gobirawa suka kafa Alkalawa, Zamfarawa kuma suka watsu kudu suna sauya mazauni har sarautar ta tsaya a Anka. Mutanen da suka gudo a lokacin dole sun sauka wani wuri. Amma ka tuna yankinku, da Tsafe da ’Yandoto, a da ƙasar Katsina ne, wadda ake kira Katsinar Laka, shi ya sa har yau sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa. Bayan wannan kuma ga yamutsin jihadi, wanda ya ci ’Yandoto ya tashi garuruwa da yawa. Ke nan cikin shekara 50 kacal akwai dalilai fiye da ɗaya da za su sa a kafa gari a wurin ko a watse daga shi.

Tukunya ba ta magana da yare, kuma ba a yi mata tsagen fuska. Bazamfare da Bakatsine da Bafillace duk a kasuwa ɗaya suke sayen randa, a hannun maginiya ɗaya. Aure yana kai maginiya wani gari da salon gidansu. Bayi ma an kwaso su da sana’arsu. Duk wanda ya ɗauki tsingaro ɗaya ya ce maka “wannan na Zamfarawa ne”, ya faɗi abin da yumɓu bai gaya masa ba. Abin da za a iya yi shi ne kwatanci: a tara bakunan tukwane masu yawa daga kufanku, a gwada su da na kufan Birnin Zamfara da na ’Yandoto. In aka ga shimfiɗar sama ta kufanku ta zo da salon gini irin na arewa alhali ta ƙasa ba haka take ba, kuma lofe da wuri suna cikin ta saman, to labarin dattawa ya samu mai mara masa baya. Iyakar abin da za a ce ke nan, ba za a kai ga rantsuwa ba.

Randar da mai saye

Gani ya kori ji, kuma ban ga randar ba, don haka abin da zan iya ba ka shi ne abubuwan da kifaffiyar randa takan zama. Tana iya zama ta ajiya da aka kife aka gudu da niyyar dawowa. Tana iya zama wadda maginiya ke tayar da gindin tukwane a bayanta. Tana iya zama ta wurin bauta. Tana kuma iya zama kabari, kuma wannan kaɗai ya isa a dakata. A Bura ta Jamhuriyar Nijar, inda aka yi tono a 1983, an samu maƙabarta mai ɗaruruwan tukwane kifaffu a kan matattu. A ƙasar Zuru, Dakarkari sun daɗe suna jera tukwane masu siffofi a kan kaburburan manyansu, kuma mata ke gina su. Mu ma Musulmi a garuruwa da yawa da fasassun tukwane muke rufe ramin ciki na kabari kafin a tura ƙasa. In ka ga manyan gutsattsari a jere daga kudu zuwa arewa, tsawon mutum, ka san inda kake tsaye.

Shi kuwa mai sayen nan, ina kyautata zaton ba randa yake so ba. Randa ba ta da kasuwa a Turai. Yana so ne ya ga ko akwai gumaka a ƙarƙashinta. A shekarun 1990 an yi wa yankin Kwatarkwashi tonon ɓarna, aka kwashe gumakan yumɓu aka fitar waje, dillalai suna kiran irinsu “na Sakkwato” ko “na Katsina”, domin a lokacin Zamfara ba ta zama jiha ba sai 1996. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗarin sata. A shekarar ne kuma aka baje gumaka uku daga Najeriya a gidan tarihin Louvre na Faris, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, waɗanda aka saya a hannun wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har Faransa ta amince a 2002 cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Abin da ya fi ba ni takaici ba tafiyar gumakan ba ce. Ramukan da aka ciro su an hargitsa su, gawayi da tukwanen da za su faɗi zamaninsu an watsar, har yau kuma ana kiransu da sunan jihar da ba lallai daga cikinta suka fito ba. Manomin da ya yi tonon ɗan abin kashewa ya samu, ya rage da gona mai ramuka.

Doka ma ba ta bar zancen ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma ce wanda ya ci karo da su ya sanar. Na san abin da ke hana mutane sanarwa: tsoron kada gwamnati ta karɓe gona. Wuraren da ake keɓewa manyan birane ne irin Surame, wadda aka ayyana a 1964. Abin da na saba gani a kufan gona shi ne a zo a auna, a yi ɗan rami na mita ɗaya ko biyu, a ɗebi samfuri, a cike, mai gona ya ci gaba da shukarsa.

Da halin tsaron da ake ciki, ba na yi maka alkawarin masu bincike za su iso da wuri. Don haka abin da ka rubuta da hannunka yana iya zama shi kaɗai ne bayanin wurin na tsawon lokaci. Ka ɗauki hoton randar yadda take, da rula a gefenta, daga sama da kuma ta gefen zaizayar yadda launin ƙasa zai fito, ka auna zurfinta daga doron gona. Wayarka za ta ba ka lambobin wurin, ka rubuta su a littafi, amma kada ka sa su a Facebook. Sannan a rufe ta da ƙasa mai laushi, a jera duwatsu ta sama da ita don a karkatar da ruwa. Lofen da gululun da aka riga aka ɗauka, kada a wanke, a sa kowanne a ledarsa da takardar da ta faɗi inda aka same shi. Ka sanar da mai gari da hakimi tukuna, don kada mai sayen ya zagayo ta bayan gida, sannan ka rubuta wa hukumar, ka aika kwafi sashen binciken kufai na Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya.

Bayan girbi, in ƙasa ta yi fili, ka zagaya da ɗalibanka ku gano inda tsingaron ya fara da inda ya ƙare, ku duba ko akwai ragowar ganuwa, ko kashin maƙera, ko tsohuwar rijiya. Ba sai kun kwashe komai ba. Dattawan kuma ka same su ɗaya-ɗaya, kada ka haɗa su a zaure guda, domin a taro kowa bin maganar babba yake yi. Ka tambayi kowanne daga wa ya ji, wane gari aka koma da aka tashi, kuma wane gida ne a garinku har yanzu ake cewa daga kufan suka fito. In akwai masu ginin tukwane a cikin zuriyar wannan gida, ka kai musu bakunan tukwane biyar ko shida, ka nemi su nuna maka da hannu yadda aka tayar da kowanne, ka ɗauka a bidiyo.